Injin Falasma Mai Tiransifoma Ko Mai Inbata: Jawabi Ga Masu Walda

Wani bawan Allah mai sana'ar walda a garin Gummi ya aiko mini da tambaya, yana cewa shekara da shekaru da gas ɗin kabaid da injin gurza yake yanka faranti, yanzu kuwa Allah Ya hore masa abin da zai sayi injin falasma, amma da ya je Gusau neman shawara sai ya tarar bakin masana ya rabu biyu: wasu na cewa ya nemi tsohon yayi mai tiransifoma domin ƙarkonsa, wasu na cewa mai inbata ya fi, ga sauƙin kuɗi ga sauƙin ɗauka. Tun da yake wannan mas'ala ta shafi 'yan'uwansa na Anka da Bukkuyum da Daki Takwas, waɗanda ke ƙera ƙofofi da amalanke, suna gyaran garma da injinan niƙa, na ga ya kamata in ba da jawabi a fili don amfanin jama'a.

Malam, kafin a yanke hukunci a kan abu wajibi ne a san haƙiƙarsa. Wannan hikima ta yanka da falasma a Amurka aka fito da ita cikin shekarun 1950, a kamfanin Union Carbide, kuma asalinta shi ne a tura iska da ƙarfi ta wata 'yar ƙaramar kafa, a haɗa ta da tartsatsin lantarki har zafinta ya haura digiri 20,000, sai ta narkar da ƙarfe ta kuma hure narkakken gefe guda. Saboda haka ne take yanka duk ƙarfen da wuta ke bi ta cikinsa, har da alminiyam da jan ƙarfe da ƙarfen da ba ya tsatsa, alhali kuwa gas baƙin ƙarfe kaɗai yake yankawa da kyau. Injinan nan biyu aikinsu ɗaya ne a bakin tocila. Inda suka saɓa shi ne yadda kowanne ke sarrafa wutar da aka ba shi.

Mai tiransifoma yana karɓar wuta yadda ta zo, mai juyi 50 a daƙiƙa, ya bi da ita ta cikin tarin ƙarfe da naɗin waya mai kauri, shi ya sa yake da nauyin da sai an sa masa ƙafafu, kuma galibin irinsa wuta mai layi uku yake bukata. Falalarsa ita ce haƙuri: ƙura ba ta cika damunsa ba, hawa da saukar wuta ba sa kashe shi farat ɗaya, in kuwa ya ƙone, masu naɗin waya na Gusau ko Sakkwato suna iya tayar da shi. Aibinsa shi ne cin wuta, domin kaso mai yawa na abin da ya ja yana tafiya a zafi, kuma ƙaramin janareta ba ya iya ɗaukarsa.

Mai inbata kuwa sai ya fara daidaita wutar, sa'an nan ya sake kaɗa ta sau dubbai a daƙiƙa ta hanyar wasu ƙananan na'urori da ake kira IGBT ko MOSFET, ta haka 'yar ƙaramar tiransifoma ke yin aikin babba. Wanda aka rubuta wa CUT-40, misali, mutum ɗaya yana ɗaukarsa da hannu ya ɗora a babur, yana aiki da wutar gida mai layi ɗaya, yana kuma yanka faranti mai kaurin milimita 10 yanka mai tsabta. Sai dai ransa yana kan wani allo mai laushi a cikinsa, wanda abu uku ke halaka shi: wutar da ta yi tsalle, da ƙurar ƙarfe, da zafi. Idan allon ya ƙone, sau da yawa sai an aika Sabon Garin Kano neman wani, shago kuwa yana zaune ba aiki.

To, a nan ne nake so ka yi tadabburi, domin kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya tambayi wane inji ya fi kyau, ya manta da tambayar wace wuta gare shi. Sanin kowa ne cewa a wannan yanki namu na yammacin Zamfara mafi yawan masu walda da janareta suke neman abincinsu, wutar gari in ta zo ma takan zo da rauni. Wanda halinsa ke nan, aikinsa kuma ƙofofi ne da tagogi da tankuna da faranti da bai wuce milimita 10 ba, fatawata gare shi ita ce ya sayi mai inbata, ya zaɓi mai IGBT domin ya fi jure wahala, bisa sharaɗin ya cika masa haƙƙoƙinsa. Amma wanda yake da wuta mai layi uku ko babban janareta na dizal, shagonsa a kafe wuri ɗaya, yana yanka faranti mai kauri tun safe har la'asar, wannan mai tiransifoma ya fi zama maslaha gare shi, in dai ya tabbata naɗin na jan ƙarfe ne, domin na alminiyam bai kai shi juriya ba.

Haƙƙin mai inbata na farko shi ne janareta mai na'urar daidaita wuta, wadda ake kira AVR, mai ƙarfin da ya kai kVA 8 zuwa 10 ga inji irin CUT-40, saboda kwamfaresa mai ba shi iska ma tana da nata rabo, kuma duk sa'ad da ta tashi takan fizgi wuta. Ka tayar da janareta ya daidaita kafin ka kunna inji, ka kuma kashe inji kafin ka kashe janareta. Kada ka yarda mai ya ƙare ana cikin yanka, domin a wannan shaƙewar ce allo ya fi ƙonewa. Wayar da za ka ja ta zama gajera mai kauri.

Na biyu shi ne busasshiyar iska. Tocila tana son iska mai matsin bar 4 zuwa 5 ko abin da littafin injin ya faɗa, kuma danshi ko mai a cikinta yana cinye bakin tocila da ƙwayar cikinsa cikin ɗan lokaci. Ka sa matatar ruwa a kan bututu, ka riƙa zubar da ruwan tankin kwamfaresa kullum, musamman da damina. Tun kafin ka biya kuɗi ka duba irin tocilar, ko PT-31 ce ko P-80, ka tabbata ana samun bakinta a kusa, gama kuɗin da waɗannan ƙananan kaya za su ci a shekaru yana iya kamo kuɗin injin kansa, kuma araha ba ta ado.

Na uku shi ne hutu da tsabta. A jikin inji za ka ga an rubuta, misali, kashi 60 cikin 100. Ma'anarsa a kowane minti 10 ya yi yanka na minti 6, ya huta 4 fankarsa tana juyawa. A injinan kirki, a zafin digiri 40 ake auna wannan, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan wuce haka, saboda haka ka ƙara masa hutu, ka ajiye shi a inuwa bisa benci, nesa da inda ake gurza, ka hure cikinsa da busasshiyar iska bayan ka cire shi daga wuta, bare ma lokacin hunturu.

Akwai kuma wata amana da ta fi inji girma. Ba mu manta da musibar gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta ci rayukan yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, sanadiyyar niƙa duwatsun zinariya. Idan aka kawo maka injin niƙa daga wurin haƙar ma'adinai, ka sani ƙurar da ke jikinsa tana iya ɗauke da dalma, zafin falasma kuwa yana mai da ita hayaƙin da za ka shaƙa kai da yaran shagonka. A wanke shi da ruwa nesa da gida da rijiya, a yanka a fili, a rufe hanci da ido, a bar tufafin aiki a shago. Haka nan kada ka kusanci durom ɗin da ya taɓa ɗaukar fetur da tocila.

In ka tashi saye, ka tafi da guntun farantin da ka fi aiki da shi, a yanka a gabanka, gani ya kori ji. Ka kuma tambayi mai sayarwa wa ke gyara irinsa, a wane gari. Idan ya kasa ba ka amsa, ka riƙe kuɗinka ka ƙara gaba. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya tsare hannu da ido.