Yadda ake atisayen Pilates a kan tabarma

Mai dashen shinkafa a filayen ban-ruwan Bakolori yakan wuni a duƙe. Tela a kasuwar Talata Mafara yana zaune kan keke tun hantsi, ɗan acaɓa kuma yana shan gargada tsakanin Bakura da Maradun. Da yamma kukansu ɗaya ne: ƙugu ya riƙe.

Irin wannan riƙewar ce atisayen Pilates yake sassautawa. Wanda ya ƙirƙiro shi, Joseph Pilates, Bajamushe ne, an haife shi a 1883, ya inganta dabararsa lokacin da Ingila ta tsare shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na'urarsa, reformer, siririn gado ne mai shimfiɗa da ke zamewa gaba da baya, an ɗaure ta da sifirin. Wanda ya samu aji a Abuja, kuma aljihunsa zai ɗauka, ya gwada, don malami zai tsaya a kansa yana gyara masa kwanciya. Amma wajen ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, wanda shi ne ainihin aikin, tabarma ma ta isa.

Ka kwanta rigingine kafin karin kumallo, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Fara da numfashi, kuma a nan ake gaggawa a ɓata komai. Ɗora hannuwa a haƙarƙari, ja iska ta hanci har ka ji ya buɗe ta gefe, sannan ka fitar ta baki a hankali kana janye cibiya ciki, kamar mai ƙara ɗaure tazuge. Kada kafaɗa ta ɗaga. Yi sau takwas.

Sai ɗaga ƙugu. Matse ɗuwawu, ka ɗaga bayanka gaɓa bayan gaɓa har gwiwa da ƙugu da kafaɗa su yi layi ɗaya, ka sauko a yadda ka hau.

Na uku shi ya fi kama da reformer. Sa tsumma a ƙarƙashin diddige a kan daɓen siminti, ka zame ƙafa ɗaya har ta miƙe, ka jawo ta, ƙugu bai karkata ba. Bayan mako biyu, maƙala tsohuwar robar tiyub ta keke a tafin ƙafa, ka riƙe bakunanta biyu, ta zame maka sifirin. Duba ta tukuna, kada ta tsinke ta bugi ido.

Minti goma sha biyar, sau uku a mako, ya wadatar. Mai juna biyu da wadda ta haihu kwanan nan su tambayi ma'aikaciyar asibiti kafin su fara. Wanda ciwonsa ke sauka har ƙafa, ko ƙafar na mutuwa, ya bar tabarma ya je likita ya duba shi.