Darasin Lafiya: Ƙurajen Fuska da Zaɓen Kayan Shafa

Duk wanda ya shiga kasuwar Jega ya bi layin masu kayan kwalliya zai ga kwalabe da robobi iri-iri, wasu da hoton farar mace a jiki, wasu kuma ko takarda babu. Irin waɗannan kaya su ne 'yan koli ke ɗauka su kai Alelu da ƙauyukan Aliero da na Maiyama. Yawancin masu saye 'yan mata ne da amare, kuma da yawansu abu guda ne ya kawo su, wato ƙurajen fuska. Sau da yawa abin da suka saya don magani shi ne ke ƙara musu ciwon. Kuɗin talla ko na aikin albasa ya tafi, fuska kuma ta ɓaci.

Yadda ƙuraje ke fitowa

A fatar mutum akwai 'yan ƙofofi ƙanana inda gashi ke tsirowa. A gindin kowace ƙofa akwai wata 'yar jaka mai yin maiƙo, wanda ke hana fata bushewa. Idan yaro ko yarinya suka kai balaga, jiki yakan ƙara yawan maiƙon nan. Sai ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar. In bakin ƙofar a buɗe yake, sai a ga ɗigon baƙi. Wannan baƙin ba dauɗa ba ce, iska ce ta taɓa maiƙon ya sake launi. In kuwa a rufe yake, ƙwayoyin cuta sukan hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura ya yi ruwa.

Saboda haka ƙurajen fuska ba ƙazanta ke kawo su ba, ba kuma a ɗaukar su daga wani. Sukan ƙaru wa mace in al'adarta ta kusa, wata kuma sai ta sami ciki. Akwai gado a ciki. Mutane sukan ɗora wa gyaɗa da ƙuli-ƙuli laifi, amma binciken likitoci ya fi karkata ga yawan sukari da lemon kwalba.

Wanka da sabulu

Sau biyu a rana ya isa a wanke fuska da sabulu, da safe da kuma kafin barci. Ruwan alwala ba ya cikin lissafi, don ba a sa masa sabulu. A yi amfani da tafin hannu kawai. Soson buhu da na yama na jiki ne. Dirzar fuska da su yana fasa ƙurajen, ya bar baƙin tabo wanda zai fi ƙurjin daɗewa.

Sabulu mafi dacewa shi ne marar ƙamshi mai yawa, irin wanda ake yi wa jarirai wanka da shi. Ba shi da tsada, kuma guda ɗaya yakan daɗe in fuska kaɗai ake wankewa. Sabulun salo ma yana yi, sai dai da toka ake haɗa shi, don haka yana da kaifi. A murza shi a hannu ya yi kumfa, a shafa kumfar, a ɗauraye nan da nan. In bayan wanka fuska ta ɗaure ko tana raɗaɗi, to sabulun ya fi ƙarfinta, sai a sake wani. A kuma lura da sabulun salon da aka ce an "haɗa" shi don ya sa haske. Wannan ya tashi daga sabulun salo. Sabulun wanki, na sanda ko na gari, bai kamata ya taɓa fuska ba.

Mai da hoda

Tunda maiƙo ne tushen abin, duk wani mai mai nauyi yana iya ƙara toshe ƙofofin. Man shanu da man alayyadi da man kwakwa da bazilin suna da amfani ga ƙafa da hannu da leɓe, musamman da hunturu lokacin kaushi da faso. Amma fuskar mai ƙuraje ba ta son su. Man kaɗanya, wanda itacensa ke da yawa a kudancin Kebbi, ya fi su sauƙi. Duk da haka ɗan kaɗan za a lakata, a shafa inda ya bushe kawai. In aka ga ƙuraje sun ƙaru, sai a mayar da shi na jiki. Da bazara kuwa, lokacin da zufa ke zuba, fuska mai maiƙo sau da yawa ba ta bukatar mai ko kaɗan.

Akwai wani abu da mata ba su cika lura da shi ba. In ƙananan ƙuraje suka jeru a goshi da gefen kunne, daidai inda gashi ya tsaya, a tuhumi man kitso. Zafi yakan narkar da shi ya gangaro, ɗankwali ko bakin hijabi kuma ya danne shi a fata tun safe har dare. Likitocin fata sun bayyana irin waɗannan ƙuraje tun 1970. Maganinsu shi ne a rage man, a tsayar da shi a tsakiyar kai, a riƙa wanke hijabi da rigar matashin kai a kai a kai.

Wajen kwalliya, busasshiyar hoda ta fi mai maiƙo, wadda 'yan mata ke kira fandeshan. Ta kuma fi araha. Wadda ta matsa sai ta sa mai ruwa, ta nemi wadda aka rubuta wa Oil-free a jiki, ma'ana ba mai a cikinta. Soson hoda a wanke shi duk mako ya bushe a rana, kuma kada a yi aronsa. Ranar biki akan ga soso ɗaya ya zagaya fuskar ƙawayen amarya goma. Ba a kwana da kwalliya, ko da an dawo daga biki a gajiye.

Jan-baki da jagira ba su cika kawo ƙuraje ba. Kwalli kuwa matsalarsa daban ce. Kwallin dutse yakan ƙunshi gubar dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara, saboda haka kada a sa wa jariri.

Man da ake cewa yana share ƙuraje cikin kwana uku

Nan ne haɗarin yake. A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 16 da aka sa wa ranar aure. Ƙawarta ta nuna mata wani ɗan bututun mai, ta ce a matse shi cikin man shafawa. A makon farko sai ja da kumburi su kwanta, fuska ta yi haske, kowa ya yaba. Bayan wata ɗaya ko biyu sai sababbin ƙuraje su feso, ƙanana masu kama da juna, har wuya da ƙirji. In ta daina, fuska ta yi zafi da ƙaiƙayi. Sai ta koma ta ƙara saye. Haka za a yi ta yi har fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a hannu da cinya, ƙyasbi da makero su sami wurin zama.

Abin da ke cikin irin wannan bututu magani ne mai ƙarfi da ake kira sitiroyid. An yi shi ne don wasu cututtukan fata, likita ya rubuta shi na 'yan kwanaki. Shi kansa yana haddasa ƙuraje. Wasu mayukan bilicin kuma suna da wani sinadari wanda, in an daɗe ana shafawa, yakan mayar da kumatu baƙi ƙirin, baƙin da ke da wuyar fita. Wasu sabulai da mayuka suna da zaiba, ita kuwa tana ratsa fata ta taɓa ƙoda, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono.

Abin ba ƙarami ba ne. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya ce mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna amfani da kayan sa hasken fata. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna da kayan shafa, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Karatun jikin kwali

Sunayen waɗannan abubuwa da Turanci ake rubuta su, amma ba sai an ji Turanci za a gane su ba. Wanda ya san baƙaƙen boko zai iya kwafe su a takarda ya tafi da ita kasuwa. Ga su: Clobetasol, Betamethasone, Hydroquinone, Mercury. Biyun farko sitiroyid ne, na uku shi ne mai baƙanta kumatu, na huɗu kuma zaiba ce. In aka ga ɗayansu a jikin kwali, a ajiye.

Sai a duba lambar rajistar NAFDAC, da kuma ranar lalacewa, wadda ke bin haruffan EXP. A nan akwai abin lura. Lambar NAFDAC ba ta nufin abin ya dace da fuska. Mayukan sitiroyid da yawa suna da lamba, domin magunguna ne na gaskiya, amfani da su ne ake yi ba bisa ƙa'ida ba. Man haɗi kuwa, wanda ake ɗurawa a roba ba suna ba takarda, ba mai iya faɗin abin da ke ciki. Ga shi sau da yawa ya fi sabulun jarirai da hoda tsada in aka haɗa su.

Duk sabon abu da aka saya, a fara gwada shi a bayan kunne ko cikin hannu kwana biyu ko uku. Kuma a riƙa shigo da abu ɗaya ɗaya, don in ya ɓata a san mai laifi.

Dabarun gida da magani na gaskiya

Lemon tsami da tafarnuwa da kanwa da man goge haƙori duk suna ƙona fata. Lemon tsami ya fi muni in aka shafa aka shiga rana. Albasar Aliero ta yi suna har kudancin ƙasar nan, amma a miya take da amfani, ruwanta yaji yake yi wa fuska. Haka nan fasa kafso mai ja da rawaya a shafa garinsa, ko a riƙa haɗiyarsa ba izinin likita, ɓarnar magani ce, kuma mai ciki ba ta shansa sam.

Matsa ƙurji da farce shi ne babban mai kawo tabo. A baƙar fata tabon yakan yi watanni, rana kuma tana ƙara masa duhu. Mai zuwa gona ko fadama ta sa malfa, mai talla ta nemi inuwa.

In wanka da rage mai ba su wadatar ba, akwai magani mai sauƙin kuɗi a kemis mai rajista, sunansa Benzoyl peroxide. A nemi mai lamba 2.5 ko 5 cikin 100. Mai lamba 10 bai fi su aiki ba, ya dai fi su busar da fata. A shafa ɗan kaɗan da dare, a fara da tsallake kwana ɗaya. Yana cin launin tufa, don haka a kwanta a kan tsohon zane. Ba ya aiki cikin kwana uku. Sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji, kuma a nan ne mutane da yawa ke gajiya su koma wa man haɗi. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi ma'aikacin lafiya kafin su shafa kowane magani.

Akwai waɗanda ya kamata su wuce kemis su tafi asibiti: mai manyan ƙuraje masu zafi a ƙarƙashin fata, da wanda nasa ke barin rami, da macen da ƙurajenta suka zo tare da rikicewar al'ada ko fitowar gemu. Haka ma wadda ta yi watanni tana shafa sitiroyid. Ita kada ta yanke shi rana ɗaya, ma'aikacin lafiya ne zai nuna mata yadda za ta rage a hankali. A fara da asibitin da ke kusa, a Jega ko Aliero ko Maiyama. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A tafi da kwalin man da ake shafawa, ko da ya ƙare, don likita ya gani.

Tambayoyi don aji

1. Me ke toshe ƙofofin fata har ƙurji ya fito?
2. Me ya sa ƙuraje kan jeru a goshi?
3. A kwafi sunaye huɗun nan a littafi, sannan a duba kwalayen man da ke gida ko akwai ɗayansu.
4. Me haruffan EXP ke nunawa?
5. A ce mace tana sayen man haɗi na naira 1,500 duk wata. Nawa ta kashe a shekara?