Darasi: In Injin Ban-Ruwa Ya Ƙi Tashi

Da rani, 'yan kwanaki babu ruwa sun isa su kashe tumatir da albasa a fadama. Sau da yawa injin da ya ƙi tashi bai lalace ba. Wuta ce ba ta kaiwa ga fulogi. Kafin manomi ya kai shi gari, ga abin da zai duba.

1. Makunni. Ya tabbata a kunne yake, kuma da fetur a tanki.

2. Baƙin mai. Wasu injuna, kamar Honda GX160, sukan yanke wuta da kansu in mai ya yi ƙasa. Ya ajiye injin inda babu gangara, ya duba, ya ƙara.

3. Fulogi. Ya kwance shi, ya goge baƙin da ke bakinsa. Ratar bakin milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Ya mayar masa da hularsa, ya jingina ƙarfensa da jikin injin, ya ja igiya. In tartsatsi shuɗi ya fito, wuta lafiya take.

4. Waya. In babu tartsatsi, ya bi siririyar wayar da ta taso daga makunni zuwa koyil. In ɓera ya ci ta ko ta goge, har tana taɓa ƙarfe, wuta ba za ta zo ba. Ya naɗe wurin da tef.

In waya lafiya take, sabon fulogi ma bai kawo wuta ba, sai bakanike ya duba koyil.

Gargaɗi: Kada a gwada fulogi kusa da fetur. Kada a riƙe ƙarfensa lokacin jan igiya.