Darasi na Shida: Harshen Talla a Birnin Kano

Talla ita ce bayyana haja ga jama'a da nufin jawo hankalinsu su saya. Ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ta daɗe da dillalai waɗanda jarinsu bai wuce baki da amana ba. A wancan zamani sunan wuri shi ne tambarin kaya: da an ce turkuɗin Kura ko rinin Ƙofar Mata, an gama yabo. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin birnin suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, ba rediyo ba jarida.

Tallar zamani ta ɗauko dabarun dillali, wato kirari da kambamawa da maimaici, ta shigar da su rediyo da talabijin da wayar hannu. Abin da ya kamata ɗalibi ya fi lura da shi shi ne yadda sunan kamfani yake haɗiye sunan abu. Yaron da aka aika kanti a Jakara ko Mandawari cewa zai yi a ba shi omo, ko da garin sabulun na wani kamfani ne. Haka Maggi ya zama magi, Macleans ya zama makilin, Vaseline ya zama basilin. A nazarin ma'ana wannan faɗaɗa ma'ana ne. A kasuwa kuwa riba ce, domin mai saye ya ambaci kamfanin tun kafin ya fara zaɓe. Lamarin ya shiga har tukunya: daddawa ba ta ɓace ba, amma a gidaje da yawa ta koma mataimakiyar ɗunƙulen magi.

Suna yana ɗaga farashi, shi ya sa ake satar sa. Atamfa 'yar Holan ta yi suna wajen lefe, sai aka riƙa shigo da ta kwaikwayo mai araha daga Sin. Wannan, haɗe da ƙarancin wutar lantarki, yana cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Akwai hukumomin sa ido: NAFDAC (1993) da ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022. Sai dai mai maganin da ya ɗaura lasifika a mota yana cewa ƙulli ɗaya na warkar da cuta goma ba kasafai yake jiran izininsu ba. A ganinmu, aji ne wurin da ya fi dacewa a koya wa yaro rarrabe bayani da kambamawa.

Aiki: Saurari tallace-tallace uku a gidan Rediyon Kano, ka rubuta su yadda aka faɗa, sannan ka ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da za a iya tabbatar da gaskiyarta.