BABI NA BAKWAI: HAUSAR MASU SANA'A, MISALI DAGA GYARAN ƘOFAR TSOHUWAR MOTA

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin Hausar rukuni, aka nuna cewa kowane rukunin jama'a yana da yadda yake sarrafa harshe gwargwadon abin da ya haɗa shi. Wannan babi zai ɗauki aiki guda ɗaya tak daga cikin ayyukan masu gyaran mota, wato ɗaga ƙofar tsohuwar mota idan ta sauka, domin ɗalibi ya ga yadda aiki yake haifar da kalma. Ba a nufin mayar da ɗalibi makanike. Sai dai wanda bai san aikin ba ba zai iya nazarin kalmominsa ba, iyakacinsa ya jera su kamar mai ƙirga buhunan da bai san abin da ke cikinsu ba.

An zaɓi unguwar Tukur-Tukur ta Zariya a matsayin fagen nazari da gangan. A nan ne aka kafa Kamfanin Gaskiya a shekarar 1945, inda Alhaji Abubakar Imam da Dokta R. M. East da abokan aikinsu suka yi ta fafutikar samar wa Hausa kalmomin zamani a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Aikin da waɗancan suka yi da alƙalami, masu gareji na bakin hanya suna yin irinsa da baki kullum, ba tare da wani kwamiti ya zauna ba.

7.1 Motar da Ƙofarta

Tsohuwar motar da aka fi sani a wannan yanki ita ce Peugeot, wadda Hausawa ke kira Fijo. An fito da samfurin 504 a Faransa a 1968, aka fara haɗa Fijo a masana'antar Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000. Akwai kuma 'yar uwarta mai ƙofa biyu, ta ƙwalisa da gudu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, aka fito da ita a 1969, wata mai rufi wata kuma buɗaɗɗiya. Ba ita ake haɗawa a Kaduna ba, amma ita da ire-irenta sun fi kowace mota fama da saukar ƙofa, domin ƙofarsu ta fi tsawo da nauyi.

Ƙofar mota tana rataye ne a kan hinji biyu, na sama da na ƙasa, waɗanda aka ɗaure ko aka yi wa walda a jikin ginshiƙin gaba. A tsakiyar kowane hinji akwai wani siririn ƙarfe da ake kira fin, wanda a motoci da yawa yake juyawa cikin wani ɗan zobe na tagulla ko roba mai suna bushin. An yi bushin da abu mai taushi ne domin shi ya cinye, hinji ya tsira. A ɗaya gefen kuma akwai makulli a jikin ƙofa, da ƙarfen da yake kamawa a jikin ginshiƙin baya.

Abin lura shi ne, ɗan rata kaɗan a hinji yakan zama babba a bakin ƙofa. A misali, idan tsakanin hinji biyu santimita 30 ne, tsawon ƙofa kuma santimita 120, to ratar milimita 1 a hinji za ta sauke bakin ƙofa da kimanin milimita 4. Wannan ya isa ya sa makulli ya riƙa dukan ƙarfen kamawa maimakon ya shige shi. Daga nan sai ƙofa ta fara neman a ɗaga ta kafin ta rufu, ta riƙa goge fentin dandamalin ƙasa, ƙura da ruwan sama su riƙa shiga ta saman roba. Ƙurar hunturu tana da hannu a nan, domin idan ta gauraya da busasshen giris sai ta zama tamkar magagari a cikin hinji. Haka kuma ɗabi'ar dafa saman ƙofa yayin fita, ko jingina da ita a buɗe ana hira. Al'amarin ba na ado kawai ba ne. Makullin da bai kama sosai ba yana iya sakin ƙofa a kwana, mota tana gudu, yaro yana jingine da ita.

7.2 Yadda Ake Gyaran

Gwani ba ya fara da guduma. Yakan buɗe ƙofa kamar taƙi ɗaya, ya kama bakinta na ƙasa ya ɗaga, yaronsa kuma yana kallon hinji. Idan aka ji ƙwas-ƙwas, rabin hinji yana motsi rabi yana tsaye, to fin da bushin ne suka ci. Idan hinji gaba ɗaya ne yake motsi a kan ginshiƙi, to noti ne ya saki. Idan kuwa ƙarfen ginshiƙin kansa ne yake numfashi, to tsatsa ta ci wurin ko ya tsage, aikin ya koma na mai walda. Cuta uku ke nan, alamarsu ɗaya, maganinsu daban.

Idan bushin ne, sai a tallafi ƙofa da jak, a sa katako da tsumma tsakaninsu don kada a lotsa ta. A zagaye gefen hinji da alli domin a san mazauninsa na asali. A kwance ɗan ƙarfen da ke hana ƙofa wuce iyaka wajen buɗewa, sa'an nan a buge fin ya fita, a cire tsohon bushin, a matsa sabo, a shafa giris, a mayar da sabon fin. Hinji ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗaya. Inda ba a sami bushin na kanti ba, abin da yake yawan faruwa ga tsofaffin motoci, sai a kai wa mai injin feƙe ƙarfe ya fiƙe shi daga tagulla daidai da ramin.

Bayan haka sai saiti, kuma a nan ne ake gane wanda ya koyi aiki da wanda ya ga ana yi. Ƙa'ida ita ce a cire ƙarfen kamawa tukuna, a daidaita ƙofa a kan hinjinta kaɗai har ratar da ke kewaye da ita ta zama ɗaya, layin jikinta ya haɗu da na bodi. Idan bakin ƙofa bai kai ba, 'yar siririyar washa a bayan hinjin ƙasa takan ɗaga shi. Sai a ƙarshe a mayar da ƙarfen kamawa, a sa shi inda makulli ya same shi. Masu gaggawa sukan juya tsarin: su ɗaga ƙarfen kamawa sama domin ya riƙa jan ƙofa da ƙarfi, ko su kafa jak a bakin ƙofa su banƙara ta har hinji ya lanƙwashe. Ƙofa za ta rufu a ranar, mai mota ya biya ya tafi yana murna, amma nauyin da ya kamata hinji ya ɗauka ya koma kan makulli, kuma makulli ya fi bushin tsada nesa ba kusa ba.

Buɗaɗɗiyar mota tana da nata hukunci. Da yake ba ta da rufin da zai riƙe ta, idan tsatsa ta ci dandamalin ƙasa sai bodin ne ya lotsa a tsakiya, ratar saman ƙofa ta matse. Wannan ba ƙofa ce ta sauka ba, gidanta ne ya karkace, kuma taɓa hinji ɓata lokaci ne.

7.3 Nazarin Kalmomin

Yawancin sunayen kayan aikin ararru ne daga Ingilishi, amma ba wanda ya shigo sai da ya bi dokar gaɓar Hausa. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, saboda haka sai a saƙa wasali a tsakaninsu: sifana, sukudireba, giris, burki. Ta fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa aka sami hinji da noti da gareji da fenti. Sautin /p/ kuma yakan koma /f/, kamar a fin da fenti da Fijo. Da zarar kalma ta zauna sai a ba ta jinsi, galibi ta duban wasalin ƙarshe: washa mace ce, noti namiji. Sai kuma jam'i irin na gida: taya, tayoyi, mota, motoci, inda /t/ ta ganɗe ta koma /c/ a gaban wasalin /i/, daidai da abin da ke faruwa tsakanin sata da sace.

Amma ɗalibi ya lura da wani abu da masu jera kalmomin aro suka cika mantawa da shi: galibi sunaye ake ara, aikatau kuwa yawancinsu na gida ne. Dubi irin zancen da za a iya ji tsakanin mai mota da mai gyara:

"Oga, ƙofan nan sai na ɗaga ta take rufuwa."
"Ai Alhaji bushin ne ya ci. Noti bai saki ba, bodi ma da sauransa. Bari yaro ya tallafe ta mu gani."

A nan ci ya tashi daga ma'anar sa abinci a baki ya koma goguwar ƙarfe. Saki, wanda aka sani a kan igiya da aure, ya hau kan noti. Ƙofa tana sauka kamar baƙo, ƙarfe yana numfashi kamar mai rai. Wannan shi ne faɗaɗa ma'ana, kuma a nan ne ƙarfin harshe yake, fiye da wurin aro. Wasu kayan ma ba a ara musu suna ba sam, domin an tarar da su a maƙera: guduma da magagari da kurfi duk sun girmi mota a ƙasar Hausa. Ita kanta ƙofar mota abin tsayawa ce. A asali ƙofa ita ce kafar da ake shiga, abin da ake rufe ta da shi kuwa ƙyaure ne ko gambu. Mutane da yawa cewa suke yi murfin mota, suna kallonta kamar tukunya ko akwati, wasu kuma ƙofa, suna kallonta kamar ɗaki.

Akwai kuma tambarin kari a zancen da aka kawo. Mai motar ya ce ƙofan nan, inda Daidaitacciyar Hausa za ta ce ƙofar nan. Wannan Zazzaganci ne, wanda yakan yi amfani da /-n/ ko da suna mace ne, kamar yadda ake ji a Ƙofan Doka da Ƙofan Gayan. Ba kuskure ba ne a bakin mai shi, kuma mai nazari ba ya gyara shi yayin rubuta abin da ya ji. Malamin aji ne zai nuna wa ɗalibansa inda kari ya tsaya da inda ƙa'idar rubutu ta fara.

7.4 Jinga

Ɗalibi ya ziyarci gareji ɗaya a Tukur-Tukur ko wata unguwa da ke kusa da shi, ya nemi izinin maigidan wurin tun kafin ya fito da takarda. Ya zaɓi aiki guda, kamar sauya burki ko facin taya, ya kalle shi daga farko har ƙarshe, ya rubuta kalmomi 20 kamar yadda aka furta su, ya ware na aro daga na gida, sa'an nan ya kawo aikatau 5 da aka faɗaɗa ma'anarsu, kowanne cikin jimlar da ya ji shi.