Darasi Kan Ruwan Ɗumi: Hukuncinsa da Amfaninsa Ga Mai Ciwon da Ya Daɗe

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, duk shekara idan hunturu ya kama a Disamba da Janairu, sahun Asuba yakan ragu a masallatanmu na Madarunfa. Sau da yawa waɗanda suka ɓace dattawa ne masu sanyin ƙashi, da masuntan da suka shekara suna tsayuwa cikin tafki, da manoman rani na Jiratawa da ƙugu ya riƙe. Daga cikinsu akwai masu ganin cewa ɗumama ruwan alwala ko na wanka ragwanci ne da ke rage lada. Saboda haka sai mutum ya kwara ruwan randa da duku-duku, ya wuni a kwance.

Ku sani, wannan fahimta ba ta da tushe. Ruwan da aka ɗumama da wuta tsarkakke ne mai tsarkakewa, muddin launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba. Imamu Buhari ya ambata a Sahihinsa cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya yi alwala da ruwan zafi. Hadisin da ya yi maganar ladan cika alwala a lokacin wuya kuwa, malamai sun ce yana magana ne a kan wanda wuyar ta same shi bai da mafita. Ba a umurci kowa ya je ya nemo ta da kansa ba. Ruwan da malamanmu na Malikiyya suka karhanta shi ne wanda ya tsananta zafi ko sanyi, domin yana hana mutum cuɗa gaɓoɓinsa yadda ya kamata. Haka nan, wanda yake tsoron ruwa zai ƙara masa ciwo ko ya jinkirta warkewarsa, kuma bai sami abin ɗumamawa ba, taimama ta halatta gare shi, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ta nuna. Amru ɗan Asi ya yi taimama saboda tsoron sanyi a yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) kuwa bai zarge shi ba.

To, mene ne ɗumi ke yi wa jiki? Yana buɗe ƙananan hanyoyin jini, jini ya gudana sosai zuwa wurin da ke ciwo, tsokar da ta ɗaure ta saki, gaɓar da ta sage ta motsa. Shi ya sa mai ciwon gwiwa kan iya ruku'u da sujada bayan ya gasa ta, alhali kafin nan ko tashi daga tabarma sai da taimako. Masu amosanin jini, wanda ake kira sikila, sun fi kowa buƙatar wannan, domin sanyi na daga abubuwan da ke tayar musu da ciwo. Kada iyaye su tilasta wa irin wannan yaro wankan ruwan sanyi da sunan tarbiyya. Mutanen ƙasarmu sun daɗe da sanin amfanin ɗumi: har yau masu sanyin ƙashi na zuwa maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Tafadek, arewa da Agadas. Sai dai sauƙin na ƴan sa'o'i ne, ba ya cire tushen ciwon, kuma ba ya maye gurbin zuwa likita.

A nan ne muke son a natsu, domin mu Hausawa mun saba auna ingancin ruwan wanka da tafasarsa. Ma'aunin da likitoci ke bayarwa shi ne digiri 37 zuwa 40, wato ɗan sama da ɗumin jiki, na minti 15 zuwa 20. A sirka, a gwada da gwiwar hannu. Idan ba ta iya zama a ciki ba, ruwan bai yi ba. Wanda ba shi da famfon wanka, bokiti da tsumma mai kauri sun ishe shi: ya tsoma, ya matse, ya ɗora a ƙugu ko gwiwa, ya maimaita. Hakan ya fi tattalin ruwa da itace, ga shi dajin Baban Rafi kullum raguwa yake. An ruwaito daga Anas cewa sa'i ɗaya zuwa mudu biyar ke isar Annabi (SAW) wanka.

Akwai waɗanda zafin ke cutarwa. Mai ciwon suga ko kuturta da ƙafarsa ta daina ji zai iya ƙonewa bai sani ba, sai ƙunar ta zama gyambo. Ma'aikatan asibitin Danja da ke kusa da mu kan gargaɗi majinyatansu kan haka. Irin wannan, wani ya gwada masa ruwan. Mai ciwon zuciya ko mai shan maganin hawan jini na iya jin jiri ya faɗi a banɗaki, don haka ya yi wankan a zaune kan kujera, kada ya kulle ƙofa. Gaɓar da ta kumbura ta yi ja tana zafi, da sabon targaɗe, da zazzaɓi, ba a gasa su.

Wankan jego ma ya shiga wannan babi. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da kwanciya kan gadon wuta da shan kunun kanwa, tare da wankan tafasasshen ruwa na kwana 40. Shari'a ba ta wajabta ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ta wajabta shi ne wankan tsarki idan jinin biƙi ya ɗauke. Idan mai jego ta fara haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko tari ya hana ta kwanciya, a dakatar da wankan, maigida ya kai ta likita a ranar, ko da kuwa kakanni sun ce kwanakin ba su cika ba.