Ɗaure Injin Sassaƙar Ƙarfe Domin Tafiya Mai Nisa

Injin sassaƙar ƙarfe nauyinsa a sama yake, ya kuma rinjaya wajen kai, gindinsa kuwa siriri ne. Da mota ta karkata kaɗan sai ya kife. Wanda aka yiwo odarsa daga Ingila zai sha girgizar teku tukuna, sa'an nan daga Apapa zuwa Kano akwai sauran tafiya fiye da kilomita 1,000.

Tun kafin ya tashi akan tsiyaye mansa, a ɗaure ƙafafunsa da noti bisa manyan katakai waɗanda suka fi gindinsa faɗi. Ƙusa ba ta isa ba. Sassan da ke zamewa bisa gadon injin a tura su wajen wutsiya a kulle, domin nauyi ya daidaita. Duk inda babu fenti a shafe shi da giris, gama iskar teku ba ta daɗewa ba ta kawo tsatsa ba.

Wajen ɗagawa aka fi yin ɓarna. Lalle igiya ta riƙe gadon, kada ta matse doguwar sandar nan mai zare. In ta tanƙware ko kaɗan, injin ba zai ƙara yanka zare daidai ba sai an sake ta.